Ƙanena, kafin ka zaɓi jami'a ka fara binciken mai lab ɗin

Na ga saƙonka, kuma na gane abin da kake ta kewaye-kewaye a kai. Kana so ka san ko ɗalibi mai son jinsinsa zai samu sakewa a ɗakin binciken kimiyya, wato lab, a nan Amurka. Wa'azi dai ka sha shi a gida, ba zan ƙara maka ba, amma ka cire wa ranka cewa da ka sauka daga jirgi shi ke nan.

A nan wuƙa da nama suna hannun farfesan da ke da lab. Shi zai ba ka wurin aiki, shi zai rubuta maka takardar shaida in za ka nemi digiri na gaba, to in mai sakin baki ne ko yana barin manyan ɗalibai suna habaici wajen shan kofi ka shiga uku, don ko yadda ake saita pipet, ɗan bututun auna ruwa, sai ka ji tsoron tambaya. Ka samu ɗaliban da ke ciki ka tambaye su a gefe, kar sitikar bakan gizo, alamar maraba da masu son jinsinsu, a jikin ƙofa ta ruɗe ka, ba ta da tsada. Wani bincike a mujallar Science Advances a 2018 ya nuna ɗalibai masu son jinsinsu sun fi sauran ɗalibai shiga aikin bincike, kuma duk da haka sun fi barin kimiyya. Ni da na wanke kwalabe har na kai yanzu ina kula da 'yan digirin farko, a gabana wata yarinya mai ƙwaƙwalwa ta daina zuwa taron lab saboda wasan banza da wani ya yi, kowa ya yi dariya.

Jiha ma ka duba, Texas ta rufe ofisoshin DEI, masu kula da daidaito da tafiya da kowa, a jami'o'in gwamnati tun Janairun 2024. Ka ga ko makarantar na da reshen oSTEM, ƙungiyar ɗaliban kimiyya irinka, suna taimakawa sosai. Kuɗin REU, wato tallafin bincike na 'yan digirin farko daga hukumar kimiyya ta Amurka (NSF), kam kar ka sa rai, na 'yan ƙasa ne da masu girin kad.

Abin da ya fi ƙona min rai mutanenmu ne wallahi. Da wuya Bature ya tona maka asiri, ɗan garinku da kuka ci tuwon sallah tare shi zai yi, hoto ɗaya a WhatsApp kafin asuba ya isa Kano. Bizar ɗalibi ta F-1 wata rana za ta ƙare, a gida Najeriya dokar hana auren jinsi da Jonathan ya sa wa hannu a 2014 mai ɗaurin shekara 14 kuma tana nan daram.

Turo min sunayen jami'o'in in duba maka, amma ba ta wayar da ƙannenka ke ɗauka ba.