Tambaya da Amsa: Admiral John Fisher da Gyaran Rundunar Sojojin Ruwan Birtaniya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sha ganin ana ambaton Admiral John Fisher a cikin manyan shugabannin sojojin ruwa na duniya, alhali ban taɓa jin wani babban yaƙin teku da ya jagoranta ya ci nasara ba. Mene ne ya ba shi wannan matsayi? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gaskiyarka ce, Fisher bai taɓa jagorantar babbar runduna a fagen daga ba, kodayake ya ga wuta tun yana matashi a yaƙin da Birtaniya ta yi da Sin, kuma shi ne kyaftin na jirgin Inflexible lokacin da aka yi wa birnin Iskandariyya na Masar luguden igwa a 1882. Sunansa ya fito ne daga aikin da ya yi a lokacin zaman lafiya.

An haife shi a tsibirin Silon, wato Sri Lanka ta yau, a 1841, ya shiga aikin sojan ruwa a 1854 yana ɗan shekara 13, a zamanin da jiragen yaƙi na katako ne masu tafiya da iska. Ya ƙware a harkar igwa da nakiyoyin ƙarƙashin ruwa, ya shugabanci rundunar Bahar Rum daga 1899 zuwa 1902, sannan a watan Oktoba na 1904 aka naɗa shi babban hafsan sojojin ruwan Birtaniya.

Rundunar da ya gada ita ce mafi girma a duniya, amma ta yi kusan shekara ɗari ba ta gamu da abokin karawa na gaske ba, har ta kai wasu hafsoshi sun fi damuwa da fentin jirgi da ƙyallinsa a kan saitin harbi. Jiragenta kuma suna warwatse a tashoshi masu nisa, yayin da Jamus, ƙarƙashin Admiral Tirpitz, take ƙera sababbin jirage a tsallaken Tekun Arewa, wato a bakin ƙofar Birtaniya. Fisher ya janye tsofaffin jirage fiye da 150 daga aiki, yana cewa ba su da ƙarfin yin faɗa, ba su kuma da saurin gudu su tsira. Da kuɗin da aka tsimi da ma'aikatan da aka samu ya dawo da ƙarfin rundunar kusa da gida. A ganina wannan ne aikinsa mafi wuya, domin ƙera sabon abu kowa yana yabawa, amma watsar da abin da manya suka saba da shi yana jawo gaba, kuma ya jawo masa ita sosai.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne jirgin Dreadnought, wanda aka fara ƙerawa a watan Oktoba na 1905, aka saka shi a ruwa a watan Fabrairu na 1906. Manyan jiragen yaƙi na wancan lokaci yawanci suna ɗauke da manyan igwogi huɗu tare da matsakaita iri-iri. Shi kuwa an ɗora masa igwogi goma masu faɗin baki inci 12, duk iri ɗaya, wanda ya sauƙaƙa gyara saiti idan ana harbi daga nesa, aka kuma sa masa sabon injin tururi mai juyawa da ke kai shi gudun mil 21 na teku a sa'a guda. Fitowarsa ta mayar da sauran manyan jiragen duniya tsofaffin yayi, har da na Birtaniyar kanta. Masu suka suka ce ya zubar da fifikon da ƙasarsa take da shi, ya ba Jamus damar fara tsere daga layi ɗaya. Hujjarsa ita ce wasu ƙasashe sun riga sun fara tunanin irin wannan jirgi, saboda haka gara Birtaniya ta riga su.

Ya kuma goyi bayan jiragen ƙarƙashin teku tun ana yi musu kallon raini, ya matsa a bar kwal a koma ga mai. Shi ya shugabanci hukumar da ta binciki batun man a 1912, kuma a 1914 gwamnati ta sayi kaso mafi rinjaye na kamfanin mai na Anglo-Persian domin tabbatar wa runduna makamashi.

Sai dai adalci ne a faɗi inda ya gaza. Mutum ne mai zafin rai wanda yake ɗaukar mai saɓa masa a matsayin maƙiyi, kuma rigimarsa da Admiral Charles Beresford ta raba hafsoshi gida biyu kafin ya sauka a 1910. Haka nan wasu manyan jirage masu sauri da ya ƙirƙiro, waɗanda aka rage musu kaurin sulke domin su yi gudu, sun yi rawar gani a Yaƙin Duniya na Ɗaya kusa da tsibiran Falkland a watan Disamba na 1914, inda suka murƙushe ayarin Jamus, amma a yaƙin Jutland na 1916, da aka gwabza da Jamus a Tekun Arewa, uku daga cikinsu suka tarwatse da dubban mutane a ciki. Masana tarihi suna ɗora wani ɓangare na laifin a kan sakacin da aka yi wajen ajiyar albarushi.

Winston Churchill, ministan sojojin ruwa na lokacin, ya dawo da shi kan muƙaminsa a ƙarshen watan Oktoba na 1914, yana da shekara 73, amma suka saɓa a kan farmakin mashigin Dardanel na Turkiyya, wanda Fisher yake ganin zai cinye jiragen da ake buƙata a Tekun Arewa, ya ajiye aiki a watan Mayu na 1915. Rundunar da ya tsara ce ta toshe wa Jamus hanyoyin teku har ƙarshen yaƙin a 1918. Ya rasu a watan Yuli na 1920 yana da shekara 79.