Amsa ga 'yar uwa mai son buga diwanin waƙoƙinta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Wallahi tambayar nan taki ta sosa min inda ke min ƙaiƙayi, kin ce wani ya yi miki alkawarin zai tace waƙoƙinki ya buga miki littafi in kin biya shi kuɗin duka tun farko. Kar ki biya duka, ko ɗan uwanki ne ciki ɗaya.

Ni irin wannan mai shiga tsakanin ne ya karɓi aikina ya kai wata maɗaba'a a Shomolu nan Legas, ya ce in kwantar da hankalina. Mun riga mun sa ranar ƙaddamarwa a Agege, an raba katin gayyata, har da masu zuwa daga Idi-Araba da Mile 12, kwalayen ba su iso ba sai daren jajibiri. Ina buɗe kwafin farko na ji ƙafafuna sun yi sanyi, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sun koma ƙananan akwatuna saboda an sauya salon haruffa a kwamfutarsu, kuma waƙoƙina 'yan ƙwar biyar an manne ɗango da ɗango kamar labarin jarida, amsa-amo ya faɗa tsakiyar layi. Na kira shi jikina na ɓari, wai sai ya ce min "Malam ai ana gane abin da kake nufi". Ana gane me?! Mutumin da bai san baiti ba yana kiran kansa edita. Har yau bai dawo min da ko sisi ba, kuma lambar ISBN ɗin, wato lambar shaidar littafin, da sunan kamfaninsa ya sa, na bar shi da Allah.

To ke ki nemi ISBN da kanki, Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa, suna da reshe nan Yaba, ita ISBN ɗin lambobi 13 ne a jere, kuma dokar 1970 ta ce bayan bugawa ki ajiye musu kwafi 3. Aikin kuma ki kai shi a PDF, a fitar miki kwafin gwaji ki karanta layi layi ki sa hannu kafin a yi farantin da inji ke bugawa da shi, don in an yi faranti magana ta ƙare. Masu maɗaba'ar Shomolu sun iya aiki fa, Hausa ce dai ba sa ji, dole mai ji ya tsaya a kansu.

Tacewa daban, bugawa daban. Yanzu ni ma ina tace wa mutane, kuma sai na rera waƙa da baki kafin in taɓa ta, don karyewar kari kunne ne ke kama shi. Ki samu wanda zai yi miki haka. Ki shiga ANA ma, ƙungiyar marubutan Najeriya da Chinua Achebe ya kafa a 1981, reshen Legas na zaman karatu.

Kuma don Allah kar ki buga da yawa. Waƙa ba ta tafiya a kasuwa kamar littattafan soyayya na Kano, ga mutanenmu kowa kyauta yake so, mai sayen katin waya kullum zai ce ki ba shi "na albarka". Ga damshin Legas, kwali ya kwana biyu a ƙasa sai bango ya nannaɗe. Ki fara da kaɗan, in sun ƙare ki ƙara, fayil ɗin dai ya zauna a hannunki. In kina so turo min waƙa ɗaya ta inbok in duba miki.