Ga mai tambaya kan shimiyon da aka rubuta wa mahaifiyarta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an gano ciwon daji a nonon Inna, likita ya ce a fara shimiyo, wato maganin daji na asibiti, dangi kuma sun taru sun ce daji ba ya son allura, in ƙarfe ya taɓa shi watsuwa yake. Wallahi ina karantawa idona ya cika, don maganar nan ta kusa kai ni kushewa.

Don girman Allah ku kai ta. Jinkiri ne ke watsa shi. Jikin mutum duk ƙananan ƙwayoyi ne, suna rabuwa su haifi wasu, in sun tsufa su mutu. To wata ƙwaya ce tsarin cikinta ke lalacewa, ta ƙi tsayawa, ta yi ta hayayyafa har ta zama kullutu. In an bar shi sai wasu su ɓalle su bi jini ko kaluluwar hammata, su sauka a ƙashi ko hanta ko huhu. Muna nan muna jiƙe-jiƙe, shi yana can yana aikinsa.

Ni ƙanwar maigidana ce ta dage aka kai ni wajen wani mai magani a bayan gari. Ya shafa mini wani baƙin abu a kan kullutun, wai zai tsotso dajin waje. Fata ta ɗaye, wurin ya buɗe yana ruwa, zane yana mannewa, in za a cire sai na ciji filo. Wari kuwa ni kaina ba na iya jurewa. Awakina duk a kansa suka ƙare. Da abin ya faskara sai ya ce ni na karya sharaɗi. Ita kuma da ta kai ni, ita ta fara ware mini kwano da moɗa, ta hana 'ya'yanta shiga ɗakina. Ciwon da ba a ɗauka! Ina kwance ina jin ta a tsakar gida tana cewa a daina ɓarnar kuɗi a kaina. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Shimiyon akwai wuya, ba zan ɓoye miki ba. A ƙarin ruwa ake saka shi, ya zaga jiki yana kashe ƙwayoyi masu saurin rabuwa. Kamar feshin ciyawa ne a gona, gero ma sai ya ɗan ji jiki. Tushen gashi, cikin baki, hanji da ɓargo su ma saurin rabuwa suke, shi ya sa gashi ke zuba bayan mako 2 ko 3, baki ya yi miki, ga amai. Ƙwayoyi masu lafiyar suna farfaɗowa, don haka galibi ake ba da tazarar kwana 21. Gashina ya dawo, Alhamdu lillahi. Akwai wani jan magani a ciki, in ta yi jan fitsari kwana ɗaya ko biyu kada ku tsorata.

Kowane zuwa wani kaso yake kashewa, kada ku ga kullutu ya motse ku ce an warke ku tsaya. Ku nemi abin awon zafin jiki a famasi. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 fararen ƙwayoyin jini ke yin ƙasa, in zazzaɓi ya kai 38 ku tafi asibiti ko tsakar dare ne, kar a ce ciwon shawara ne. Masu dubiya da mura su haƙura. Kunu kaɗan-kaɗan ya fi shiga, ni ƙanshin soyuwar mai ma tayar mini da zuciya yake.

In aka ce sai an gasa wurin da na'ura, tun 2021 ana yi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa a Yamai. Daga nan Damagaram kusan kilomita 900 ne, ku fara neman masauki da guzuri tun yanzu, takardun awonta kuma a haɗa su wuri ɗaya. Waye ke kwana da Innar? Kada ki ɗauki jinyar nan ke kaɗai. Ki gaishe mini da ita, Allah ya tashi kafaɗunta.