Ku Tambaya Mu Amsa: In buɗe shago a intanet ko in tsaya a WhatsApp?

Tambaya: Salam Anti. Ina sayar da atamfa da turaren wuta a Kano, a status ɗin WhatsApp nake tallata kayana kuma alhamdulillah ana ciniki. To ƙanina ya dame ni wai in ba shi dubu ɗari uku ya haɗa min shafi irin na Jumia. In ba shi?

Amsa: Wa alaikis salam 'yar'uwa. Gaskiya ki riƙe kuɗinki tukuna. Jumia ɗin nan tun 2012 suka fara a Legas, har kasuwar hannun jari ta New York suka shiga a 2019, amma shekara da shekaru suna tafka asara, saboda kai kaya ƙofar gida akwai cin kuɗi, ga masu yin oda, ɗan aike ya zo su kashe waya. Waɗanda suka dara su ne irin kamfanin Paystack da kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020, su kuwa ba kaya suke sayarwa ba, hanyar biyan kuɗi suka gyara.

Ke jarinki amana ce, matan da ke sayen turarenki sun san ki ne shi ya sa suke turo kuɗi kafin su ga kaya, shafi ba zai ba ki wannan ba. Ki koma WhatsApp Business kyauta ne, ki jera kaya da farashi, ki ɗauki hoto da rana ba cikin duhun ɗaki ba don Allah, sannan ki yi rajista da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ki buɗe asusun banki da sunan sana'ar. Ƙanin naki kuma ki sa shi ya riƙa ɗaukar miki bidiyo.