Yadda yaran Zango ke karatu a Kumasi

Malam, ka tambaye ni daga Sakkwato yadda muke sakin 'ya'yanmu su zauna aji ɗaya da 'ya'yan Asante, ƙabilar da ta fi yawa a Kumasi, a Gana, ƙasar da Kirista suka fi mu yawa.

Ai Zango kansa taron ƙabilu ne. A unguwannin Aboabo da Asawasi akwai Mosi, Dagomba, Wangara, Zabarmawa, Kotokoli da Fulani, kuma Hausa ce ke haɗa mu a kasuwa da masallaci. Yaro ya saba da bambanci tun kafin a kai shi boko.

Kakanninmu sun guji bokon saboda yawancin makarantun na mishan ne. Abin ya sauya sosai daga 1987, lokacin da aka kafa sashen ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta Gana. Makarantun malamai da yawa suka shiga tsarin: gwamnati ta turo malaman boko da manhajarta, Larabci da Alƙur'ani kuma suna nan daram.

Akwai darasin addini da tarbiyya da kowane yaro ke yi a firamare, wanda ya haɗa Musulunci, Kiristanci da addinin gargajiya. Na san wannan zai ɗaga maka hankali. Ni kam ina goyon bayansa. Ɗana ya san me ake yi ranar Ista, ɗan maƙwabcina Ba'asante ya san shika-shikan Musulunci, ya kuma daina mamakin ganin abokinsa yana alwala.

Inda gizo ke saƙa shi ne sakandaren kwana ta mishan: hijabi, azumi, da tilasta zuwa addu'ar safe. A 2021 an hana wata ɗaliba azumi a wata makarantar 'yan mata a Cape Coast. Hukumar ilimi ta ce a bar masu azumi su yi, cocin da ke da makarantar ya ƙi yarda. Shi ya sa iyaye ke dogon bincike kafin su zaɓa wa 'ya mace makaranta.

Abin da ya fi damuna, Malam, Hausa ce. Harsunan gida fiye da goma ake koyarwa a makarantun gwamnati, babu ita a ciki. A Kumasi yaranmu Twi, harshen Asante, suke rubutawa a jarrabawa. Hausa a baki kawai take, da yawansu ba sa iya rubuta wasiƙa da ita. Idan za ka taimaka, ka turo mana littattafan koyon karatu na firamare daga nan Sakkwato, akwai malaman da za su koyar da su ranar Asabar.