Tambaya da Amsa: GCC na tsayawa ana tsakiyar aiki

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Yamai, unguwar Harobanda. Na sauko da wata manhaja mai buɗaɗɗen tushe da aka rubuta da C++, amma duk lokacin da na sa GCC, kwamfailar da ke juya rubutun shiri zuwa manhajar da na'ura ke iya gudanarwa, ta harhaɗa ta sai aikin ya katse, saƙo ya fito cewa kuskure ya auku a cikin kwamfailar kanta. Kwamfutata mai RAM giga 4 ce. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka ɗora wa GCC laifi, ka maimaita aikin sau biyu ko uku, ka lura da inda yake katsewa. Idan yau a wannan fayil ne, gobe kuma a wancan, to na'urarka ce ke ciwo, domin kwamfutar da ƙura ta toshe wa fanka, ga kuma zafin watan Afrilu na Yamai, tana iya yin kuskuren lissafi idan aka ɗora mata aiki mai nauyi. Haka kuma giga 4 ya yi wa C++ kaɗan: idan ka rubuta make -j4, fayiloli huɗu ake harhaɗawa lokaci guda, ƙwaƙwalwar ta cika, Linux ta kashe cc1plus, sashen GCC da ke harhaɗa C++. Ka gwada make -j1 da sanyin asuba.

Idan kuwa kullum a fayil ɗaya yake tsayawa, a layi ɗaya, to lalle ka ci karo da aibin kwamfaila. Galibi irin wannan aibi yana ɓoye ne a sashen da ke gyara shirin don ya ƙara sauri, saboda haka ka sauke matakin wannan gyara daga -O2 zuwa -O1, in ya ƙi zuwa -O0, amma a kan wannan fayil kaɗai. Masu sauke shi a kan manhajar gaba ɗaya, a ganina, gaggawa ce ke cin su, kuma manhaja mai jinkiri suke samu. Kana iya gwada Clang, wata kwamfaila daban, ko wata fitowar GCC.

Abin ya sha samun manya. A 2014 GCC 4.9.0 ta ɓata wani sashe na zuciyar Linux, Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya yi faɗa sosai, aka kewaye matsalar da -fno-var-tracking-assignments kafin gyara ya iso ga kowa.

In kana son a gyara, ka ƙara -save-temps don ka samu fayil mai ƙarewa da .ii, ka rage shi da C-Vise, manhajar da ke taƙaita fayil ta bar abin da ke jawo kuskuren, ka aika Bugzilla, shafin kai rahoton aibi na GCC, tare da abin da gcc -v ya nuna. A cikin Makefile, fayil ɗin umarnin da make ke bi, kuma ka rubuta lambar fitowar da ta sa ka yi kewayen, don ka cire shi ranar da ka sabunta.