Jirgin ruwa daga Santorini zuwa Mikonos a watan Agusta

Ɗan'uwa, ka ce kana son tsallakawa daga tsibirin Santorini zuwa tsibirin Mikonos na ƙasar Girka a Agusta, ka kuma kama jirgin sama da yammar ranar. Don Allah ka raba su kwana biyu daban.

Dalili iska ce. A Yuli da Agusta iskar arewa da Girkawa ke kira Meltemi tana kaɗawa sosai a tekun Ejiyan, kuma hanyarka arewa ta nufa, gaba da gaba da ita. Jirage masu gudu irin na kamfanin SeaJets kan yi tafiyar cikin awa 2 zuwa 3, amma su ne suka fi jijjiga, su ne kuma ake fara jinkirtawa ko sokewa. In teku na juya maka ciki, nemi kujera ta tsakiya a ƙasa, ka sha maganin hana amai tun kafin a tashi. Mai juna biyu ko mai shan wani magani ta fara tambayar likita.

Tashar Santorini ita ce Atiniyos, ba tsohuwar tashar da ke ƙarƙashin Fira, babban garin tsibirin, ba. Nan mutane da yawa ke kuskure. Titin da ke gangarawa can kwana-kwana ne a jikin dutse, ga cunkoso, don haka ka isa da awa guda a hannu. Jirgin ba ya jira, mintuna kaɗan ne ya sauke ya ɗauka. Manyan akwatuna a sashen ƙasa na jirgin ake barinsu, fasfo da kuɗi su zauna jikinka.

Sayi tikiti da wuri. Safiyar ranar ka tuntuɓi kamfanin ko ofishin hukumar tasha, su ke da labarin ko za a tashi.